Surukina da Ya Gina Gaɓar Gulbi a Cikin Gilashi

Ranar Laraba da hantsi Allah ya karɓi ran Baba, mahaifin maigidana, a gidanmu na Gesse da ke Birnin Kebbi. Na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu koma. Kafin azahar mun kai shi Argungu, kafin la'asar an rufe shi kusa da mahaifinsa. Shekara biyu motar gidanmu ba ta samu ranar mayar da shi garinsu ba, amma ran nan babu wanda ya ce aiki ya yi yawa.

Masu gaisuwar ta'aziyya ba manyan mutane ba ne, manoma ne. Sun zo daga Gulma da ƙauyukan fadama, wasu a kan babur, wasu a ƙasa, kuma kusan kowa ya buɗe baki sai ya ambaci rumbu. Wata tsohuwa ta ce rumbun da Baba ya gina wa mijinta shekarar da ta haifi ɗanta na fari yana nan tsaye, ɗan ya yi furfura, rumbun bai tsage ba. Gwaggo, ƙanwar Baba, ba ta yi kuka ba sai da aka shigo da ƙwaryar da yake ɗiban ruwan kwaɓi da ita, daga nan kuwa aka kasa rarrashinta. Har maƙwabciyarmu ta Gesse, Kirista 'yar Filato, ta biyo mu, ta zauna cikin mata tana share hawaye da gefen zaninta, saboda akurkin kajin da ya gina mata ba tare da ta roƙa ba.

Ina cikin raba ruwa sai na ji muryar wani dattijo ta bayan zana, inda maza ke zaune.

"Allah sarki. An ce dai ƙarshe-ƙarshe hankali ya ɗan gushe."

"Tsuhwa kenan," in ji wani. "Allah shi sa mu gama lahiya."

Aka ce amin. Na tsaya riƙe da kofi, ruwa na zuba a ƙafata ban sani ba. Maganar nan ƙarya ce, kuma ni ce tushenta. Dalilin wannan rubutun kenan. Ba na son a manta da Baba, kuma ba na son a tuna shi da abin da bai same shi ba.

Maginin rumbun ƙasa ne, irin wanda muke kira ruhewa, mai ƙaton ciki da siririn wuya. Bai taɓa riƙe igiyar awo ba, taƙinsa da idonsa sun ishe shi. Idan aka kai shi inda za a haƙi laka, sai ya murza ta a yatsa, ya sunsuna, wani lokaci ya ɗan taɓa a harshe, sannan ya ce a haƙa ko a bari. Rumbu kuwa zagaye ɗaya yake ɗorawa a rana, komai matsuwar mai shi, sai na jiya ya sha iska yake ɗora na yau. "Laka na da kwananta," shi ne abin da yake cewa, kuma iyakar bayaninsa kenan. An taɓa yin wani babban manomin shinkafa da ya ce lallai a gama masa cikin kwana uku. Baba ya wanke hannunsa, ya rataya gatarinsa, ya yi masa sallama cikin ladabi ya tafi. Shekara bakwai suna gaisawa a masallaci, bai koma gidan ba.

Aibinsa, in aibi ne, shi ne ba ya faɗin dalili. Idan ya ce a'a, to a'a ce, dalilin kuwa sai ka nemi abinka. 'Ya'yansa suna kiran wannan taurin kai. Gwaggo takan ce tun suna yara haka yake, ko kunama ce a takalminka sai dai ya ce "kar ki sa", ya wuce.

Ni da shi kuwa, shekara goma sha biyu ina auren ɗansa, maganarmu ba ta wuce gaisuwa ba. In durƙusa daga nesa, ya kau da kai gefe, ya ce, "Malama, an tashi lahiya?" Bai taɓa kiran sunana ba, ni ma ban taɓa kallon tsakar idonsa ba. Haka surukuta take a wurinmu, kuma ba ƙiyayya ba ce.

Da damina aka kawo shi Birnin Kebbi aka yi masa aikin ido, aka cire yanar da ta rufe masa na hagu. Aikin ya yi kyau. Shirin shi ne ya huta wata biyu a wurinmu, da kaka ya koma, don akwai mutanen da ya yi wa alkawarin gini. Amma maigidana da Yaya babba, wansa, sun daɗe suna neman hanyar da za su raba shi da hawa tsani, shi kuma ya ƙi. Zama bai karɓe shi ba. Cikin mako biyu ya gano simintin ɗakin girkinmu na waje ya farfashe, ya aika Argungu aka kawo masa buhun makuba, wato ɓawon 'ya'yan ɗorawa, ya jiƙa a ganga. Ruwanta ja ne mai duhu, da shi magina ke shafe bango da daɓe, ruwan sama ya doka ya zame bai ci ƙasar ba.

Ni malamar ilimin halittu ce a wata makarantar 'yan mata. A wannan zangon shugabarmu ta tono wani tsohon akwatin gilashi a sito, tsawonsa ya kusa na ƙyauren ɗaki, ta ce in yi wani abu da shi kafin ranar da iyaye da mutanen ma'aikata za su zo ganin ayyukan ɗalibai. Na ce zan yi gaɓar gulbi a ciki: bangon laka ta baya, ruwa na gangarowa ta jikinsa zuwa ɗan tafki a ƙasa, da kifi da kwaɗi da tsirrai, yara su ga yadda kowa ke zaune da kowa. A takarda abin ya yi kyau ƙwarai. Na sayi ɗan famfo mai aiki da lantarki a shagon wani Inyamuri a kasuwa, na ɗebo laka na manna a gilashi, washegari na tarar da ita zube a ƙasa. Sau uku ina yi tana zubewa.

Ina yi wa maigidana ƙorafi a tsakar gida, ban san Baba na jin mu ta taga ba. Da safe muka fito muka same shi tsaye jikin mota, da hularsa da sandarsa.

"A kai ni in ga gilashin," ya ce wa ɗansa.

Ya zagaya akwatin sau biyu, ya murza lakata a yatsa, ya yar.

"Wagga ba laka ta ba, Malama. Ƙasar bakin kwata ta."

A ranar ce na fara jin ya yi mini magana da ta wuce gaisuwa, kuma zagin lakata ne. Na ji daɗi har cikin raina.

Ya sa aka kawo yumɓu daga fadamar Argungu, inda masu tukwane ke haƙa. Ya haɗa da ƙasar suri da ƙaiƙayin shinkafa, ya naɗe wando ya tattake da ƙafa a bayan ɗakin gwaje-gwaje, ya rufe da jiƙaƙƙen buhu ya ce a bar ta kwana huɗu. Da ya zo ɗorawa, bai fara da laka ba, duwatsu ya jera a ƙasan gilashin, don shi ko rumbu a kan duwatsu yake ɗora shi, laka ba ta zama cikin ruwa. A kansu ya tayar da bangon, taƙi ɗaya kowace rana. Da babban yatsansa ya huda ramukan da kwaɗi za su ɓuya, ya fitar da 'yan tudu inda za a dasa ciyawa. Robar famfon ya binne ta cikin bangon, bakinta ya fito can sama ta wuyan wani fasasshen tulu, daga nan ya jera gutsattsarin tulun suka zama matakala. Ran da muka kunna, ruwa ya haura ya fito ta bakin tulun ya gangaro, Baba ya ja da baya ya riƙe gemu.

"Yau ga ruwa ya hau tudu da ƙahwarshi," ya ce. 'Yan matan da ke leƙe ta taga suka fashe da dariya, shi ma ya yi.

Sai dai akwai matsala. Ruwan na fantsama yana taɓa ɗanyar laka ta gefen matakalar, tafkin ƙasa ya zama ja, ko tafin hannu ba a gani a ciki. Saura kwana huɗu baƙi su zo. Baba ya ce a nemo masa ƙarin fasassun tukwane ya shimfiɗe gefen, su kama, mako guda ya isa. Ni ba ni da mako guda. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ko a ɗan shafa makuba, tunda tana hana ruwa cin ƙasa?"

"A'a. Banda makuba."

Bai ƙara ba, ni kuma kunya ta hana ni cewa don me. Da ɗansa ne ya faɗa mini haka, da sai mun kai magariba muna musu. A raina na ce halin nasa ne ya motsa.

Ranar Juma'a da aka tashi makaranta na koma gida na ciko jarka daga gangarsa, na dawo na shafe bangon da hannuna, sau biyu. Asabar ya bushe, ya yi duhu yana sheƙi. Na canja ruwa na kunna famfo, ruwa ya gangaro garau. Lahadi da yamma na zuba 'yan ƙananan kifin gargaza da 'ya'yan kwaɗi masu wutsiya waɗanda mai gadin makaranta ya kamo mini a fadama, na sa kainuwa a saman ruwan, na tafi gida ina yaba wa kaina.

Litinin da sassafe maigidana ya kawo mu ni da Baba, don ya ga aikinsa kafin baƙi su iso. Famfon na aiki, ruwan na zuba. Kifin duka suna saman ruwa, fararen cikinsu a sama. 'Ya'yan kwaɗin sun taru a kusurwa ɗaya ba mai motsi. Shugabar makaranta ta shigo ta tsaya a gaban akwatin. Mai gadin, wanda ɗan masunta ne, ya tsoma yatsa ya sunsuna.

"Makuba ag ga ruwanga," ya ce. "Da ita muka kashe kihi ga tabki muna yara. Kowane ɗan gulbi ya san haka."

Ni da digirina ban sani ba. A Birnin Kebbi aka haife ni, cikin gidajen ma'aikata, kifi a faranti na san shi.

Maigidana ya juya wurin mahaifinsa. Kowa ya san gangar makuba ta wa ce.

"Baba, makuba kas sa?"

Hannayena na cikin hijabi, na dunƙule su, don jan makuba ya kama faratana ya ƙi fita. Baba ya daɗe yana kallon gilashin. Bai dube ni ba, da ma ba ya dubana.

"Ni nag gina shi," ya ce.

Bai yi ƙarya ba. Ya dai ajiye maganar inda kowa zai ɗauka ya fassara, kuma kowa ya fassara. Ni kuwa a daƙiƙar nan na tuna shugabarmu na tsaye, na tuna mijina, na tuna yadda za a ce surukinta ya hana ta, ta zagaya ta yi. Na yi shiru. Aka lulluɓe akwatin da zani, baƙi suka zo suka tafi ba su gan shi ba.

Washegari ina ɗakin girki ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ajiye lemun tsami uku a kan turmi.

"Malama, lemun tsami shi ka hidda ja ga akaihwa," ya ce, ya juya ya tafi.

Na zauna a ƙasa na yi kuka. Ya sani, kuma ya nuna mini ya sani, ta hanyar da ba wanda zai ji. Na goge faratana da lemun har suka yi fari, kuma wallahi abin da na ji a lokacin sauƙi ne, ba nadama ba. Wannan ma sai na faɗe shi.

Shi ya ce a rushe bangon duka, don makuba ta riga ta shiga jikinsa. Ya wanke gilashin da toka sau uku, ya sake kwaɓa laka, ya sake jiran kwana huɗu. Mako uku muna aiki tare bayan an tashi makaranta, ina miƙa masa gutsuren tukunya yana dannawa a laka, har ya shimfiɗe duk inda ruwa ke taɓawa. Kowace rana ina shiga da niyyar in ce Baba ka yafe mini, kowace rana in fito da maganar a bakina. Shi kuwa hira ma ya fara yi mini, ta yadda ake gane lakar da za ta tsage tun tana ɗanya, da yadda ruwan Argungu ke juya launi idan ambaliya ta kusa. Wannan karon ruwa ya fito garau ba tare da an shafa komai ba. Gargaza suka rayu, gansakuka ta fito a matakalar da kanta. Akwatin na nan har yau, ɗalibai na jeruwa kallonsa.

Amma magana ta riga ta fita. Maigidana ya kira Yaya babba a waya, na ji shi da kunnena: mutumin da aka haifa a bakin gulbi, ya shekara hamsin yana gini, ya zuba makuba a ruwan kifi, ai wannan ba mantuwa ba ce kawai. Suka yanke cewa ba zai koma hawa tsani ba, zai zauna a wurinmu inda ido ke kansa. Aka aika wa masu jiran gini cewa tsoho ya fara ruɗewa, su nemi wani. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a gidanmu ni na ja, shi ya jiƙe.

Kaka ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Yakan zauna a gindin mangwaron ƙofar gida da ɗan curin laka a hannu, yana murzawa. Wani lokaci ya dubi sama ya ce, "Yanzu an gama yankan gero Gulma," ba da kowa yake ba. Ya gyara murhun duk matan layinmu. Bai taɓa canja mini fuska ba, ko sau ɗaya. Idan na yi miyar kuka da busasshen kifi yakan aiko a ce wa Malama Allah shi yi albarka. Ni kuma na fake da kunya. Na ce wa kaina ai surukuwa ba ta tsayawa gaban suruki da irin wannan magana, ai 'ya'yansa da ma sun so ya huta, ai tsanin ma haɗari ne gare shi. Duk wata da ya wuce, maganar na ƙara nauyi. Na yi ta jiran ranar da za ta yi sauƙi, har zazzaɓin kwana uku ya ɗauke shi.

Rana ta shida da rasuwa, da la'asar, na samu maigidana shi kaɗai a ɗakin Baba na Argungu, yana zaune cikin kayan aikinsa. Na durƙusa na faɗa masa komai, da jarkar, da lemun tsamin. Na zaci zai yi faɗa, na ma so ya yi. Sai ya rufe fuska da hannu biyu.

"Sau ukku ya roƙe ni in maishe shi gida," ya ce. "Na ukkun nic ce mashi, Baba, wanda yas sa makuba ga ruwan kihi ba ya hawan ruhewa. Yac ce, to. Bai sake tambaya ba."

Ban taɓa sanin an yi wannan maganar ba. A nan ma yana da damar ya wanke kansa da kalma ɗaya, bai yi ba.

Washegari bayan addu'ar bakwai, kafin mutane su watse, maigidana ya miƙe a gaban maza ya ce yana da gyara. Ya ce hankalin mahaifinsa bai taɓa gushewa ba, kuskuren daga gidansa ya fito, shi kuma ya yaɗa. Bai ambace ni ba. Ni na shiga wurin Gwaggo da sauran mata na faɗa da bakina. Gwaggo ta dube ni, ta ce, "Shi ya yahe maki tun ranar lemun. Ni sai na yi kwana biyu."

Da muka fito za mu koma Birnin Kebbi, wani tsohon manomi ya tare motar, ya roƙi mu biya ta gidansa a Gulma, ya ce akwai abin da yake son ɗan marigayi ya gani. Muka bi shi. Ya shige da mu har bayan ɗakunan gidan, ya nuna mana wani fili. Duwatsu ne tara a jere, sun yi da'ira, ciyawa ta fito a tsakaninsu ta bushe. Gefe guda ga damman gero a jibge a kan katako, an rufe da leda, gara ta ci na ƙasa.

"Da hannunshi yaj jera su, kahin a tahi da shi aikin ido," in ji tsohon. "Yac ce da kaka shina zuwa shi ɗora. Da anka aiko cewa ya ruɗe, ɗiyana sunka ce in kira wani. Nic ce a'a. Mutumin da nis sani, in yac ce shina zuwa, shina zuwa."

Maigidana ya tsuguna ya dafa ɗaya daga cikin duwatsun, tsohon ya kama kafaɗarsa ya tashe shi. Ni na tsaya daga baya inda mace ke tsayawa. Wannan bawan Allah bai ga gilashi ba, bai san komai game da makuba ba, amma kaka biyu yana asarar geronsa don ya ƙi yarda da abin da aka faɗa a kan Baba. Ni da na san gaskiya ina zuba masa abinci kullum, ban iya buɗe baki ba.

Ya Allah, ka yi wa Baba rahama, ka yalwata masa makwancinsa, ka rufa masa asiri ranar tsayuwa kamar yadda ya rufa nawa. Wanda ya karanta wannan, in ya taɓa jin an ce maginin ya ruɗe a ƙarshen rayuwarsa, ina roƙonsa ya gyara a duk inda ya ji. Ya rasu da hankalinsa cikakke. Ni ce na sa makubar.